Ƙiba da ciwon suga a yaran 'yan asalin Ostireliya: gado ne ko abinci?

Garba_Ƙididdiga
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wasu alƙaluma da nake so masana lafiyar cikinmu su warware mana. Hukumar ƙididdiga ta Ostireliya ta auna 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres Strait, tsakanin 2018 da 2019. Cikin yara 'yan shekara 2 zuwa 14, kashi 37 cikin ɗari nauyinsu ya wuce ƙima: kashi 24 sun ɗan zarce, kashi 13 kuwa ƙiba ce sosai. A awon 2012 zuwa 2013 kashi 30 ne. Sauran yaran ƙasar kusan ɗaya cikin huɗu ne. Ga kuma tazarar tsawon rai, wadda har yanzu ta haura shekara 8 tsakaninsu da sauran jama'a. Ƙasa ɗaya ce, mai arziki, tsarin inshorar lafiya ɗaya. Ni dai a ganina abin a jini yake, tunda irin haka ake gani a 'yan asalin Kanada da Amurka da Niyu Zilan. Ko akwai mai wata hujja?

LikitaBashir
Wa alaikumus salam, Malam Garba. Wannan ra'ayi tsoho ne. James Neel ne ya kawo shi a 1962, cewa al'ummomin da suka sha fari da yunwa sun gaji jiki mai ɓoye kitse, da abinci ya yawaita sai baiwar ta koma cuta. An shafe shekaru ana neman wannan ƙwayar halitta guda da za ta bayyana komai, ba a same ta ba. Kuma alƙalumanka da kansu suna ja da kai: daga 30 zuwa 37 cikin shekara shida, jinin al'umma ba ya sauyawa da wannan sauri.

Dubi mutanen Pima. Wasu suna Arizona a Amurka, 'yan'uwansu suna Maycoba a tsaunukan Sonora na Meziko, tushensu ɗaya. Binciken da aka buga a 2006 ya sami ciwon suga a kashi 38 na manyan Pima na Arizona, na Meziko kuwa kashi 6.9. Na Meziko suna noma da hannu, suna cin wake da masara da dankali. Na Arizona ma manoman rani ne tun kaka da kakanni, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 da baƙi suka karkatar da ruwan kogin Gila, gonaki suka bushe, aka koma dogaro da fulawa da sukari da kitse na rabon gwamnati.

Baba_Tarihi
Abin da Likita ya faɗa game da Pima shi ne ya faru a Ostireliya, sai dai a faɗin ƙasa. Da aka kori mutane daga ƙasarsu aka tara su a tashoshin mishan da sansanonin gwamnati da gandun shanu, ladan aikinsu fulawa ce da sukari da ganyen shayi, wani lokaci da naman gishiri. Haka aka yi zuriya bayan zuriya. Yajin aikin mutanen Gurindji a Wave Hill a 1966, wanda Vincent Lingiari ya jagoranta, daga kan irin wannan biya ya faro kafin ya koma neman ƙasa. Burodin fulawa da ake gasawa a toka da shayi mai sukari, waɗanda yau wasu ke ɗauka abincin gargajiyarsu ne, daga rabon nan suka fito.

Abincinsu na asali naman daji ne marar kitse, kifi, kunkuru, doyar daji, 'ya'yan itace da tsaba. A 1984 Kerin O'Dea ta buga sakamakon wani gwaji: mutum 10 masu ciwon suga daga yankin Derby a Kimberley, arewa maso yammacin Ostireliya, suka koma daji na mako 7, suna cin abin da suka farauto. Kowa ya rage kimanin kilo 8, sukarin jininsu na safe ya sauka daga 11.6 zuwa 6.6.

Garba_Ƙididdiga
Baba, da girmamawa, mutum 10 ne, manya ne ba yara ba, kuma abin da suke ci a rana kusan kalori 1,200 ne. Duk mai ciwon suga da aka sa shi a wannan ƙarancin abinci da yawan tafiya zai samu sauƙi, ko Bature ne. Ban ga yadda za a ce wa yarinya 'yar shekara 13 a unguwannin yammacin Sidni ta koma farauta ba.

Baba_Tarihi
Ba wanda ya ce ta koma, ɗana. Abin da gwajin ya nuna shi ne jikin nan da kake cewa an halicce shi da cuta, cikin mako 7 ya amsa.

NasTalatu
Kafin a yi nisa, a gyara maganar awo, don nan ake yawan tuntuɓe. BMI shi ne a raba nauyi a kilo da tsawo a mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Yaro mai kilo 62 da tsawon mita 1.5 ya tashi 27.6. Amma ba a yi wa yaro hukunci da iyakar manya ta 25 da 30. Sai an ɗora lambar a jadawalin shekaru da jinsi, kuma jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya da wanda masu ƙididdigar Ostireliya ke amfani da shi ba sa ba da amsa ɗaya, shi ya sa za ka ga rahotanni biyu sun saɓa a kan yara ɗaya.

Babbar matsalar ita ce Aborijin da yawa dogayen ƙafafu gare su da siraran gaɓoɓi, kitsen a ciki yake taruwa. Sai yaro ya hau sikeli a ce lafiya lau, alhali haɗarin ya riga ya kama. A manyansu an ga haɗarin ciwon suga yana hawa tun daga BMI na 22. Mutanen Torres Strait kuma akasin haka, jikinsu ya fi kauri da tsoka, BMI yana iya ƙara musu abin da babu. Don haka a haɗa da awon ƙugu: yaro a tsaye, a ɗaga riga, a nemo tsakiya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, tef ya kwanta a fata ba tare da an matse ba, a karanta bayan ya saki numfashi. Idan ƙugu ya wuce rabin tsawonsa, misali santimita 75 ga mai tsawon 150, a bincika. Kurakuran da aka fi yi su ne awo a kan tufafi, yaro ya haɗiye ciki, da sikelin da aka ajiye a kan tabarma ko ƙasa marar daidai.

MalamaRabi_Perth
Ƙari a kan na Anti Talatu. Mutane suna jin Aborijin sai su hango sahara. Kusan kashi 15 ne kawai ke zaune a yankunan nesa, sauran suna birane da garuruwa, kuma awon ya nuna ƙibar yara ta fi yawa a biranen. A ƙauyukan nesa na arewa ana samun rama da ƙarancin jini a ƙananan yara, sannan ƙiba ta biyo baya idan sun balaga, musamman 'yan mata. Binciken da Susan Sayers ta fara a Darwin, mai bin jarirai 686 da aka haifa tsakanin 1987 da 1990 har girmansu, ya nuna wannan fuska biyu ƙarara. Gida ɗaya za ka tarar da jariri mai tamowa da yayarsa mai ciwon suga.

Iliya_Kanti
To bari in shigo ta ƙofar kanti, don a ƙauyen nesa kanti ɗaya ne, abin da ya ajiye shi ne abincin gari. Kaya suna zuwa ne a babbar mota ko jirgin ruwa sau ɗaya a mako ko mako biyu, da damina hanya ta yanke sai jirgin sama. Gwamnatin Yankin Arewa tana auna farashin kwandon abinci mai gina jiki, kuma a 2019 ya fi na babban kantin birni tsada da sama da rabi. Latas da tumatir suna isowa sun kwana a hanya, rabi ya lalace, mai kanti ya ɗora asarar a kan sauran. Fulawa da sukari da taliyar leda da lemon kwalba ba sa ruɓewa, kuma su suka fi cika ciki a kan kowace dala. A awon 2012 zuwa 2013, kashi 22 na 'yan asalin ƙasar suna gidan da abinci ya taɓa ƙarewa babu kuɗin sayen wani a cikin shekarar, a yankunan nesa kashi 31, sauran 'yan ƙasa ƙasa da kashi 4. Uwar da kuɗinta ke ƙarewa kwana huɗu kafin a biya ta ba jahilci ne ya hana ta sayen kayan lambu ba.

An gwada hanya biyu, duka a ƙarƙashin Julie Brimblecombe da abokan aikinta. Ta farko, rage kashi 20 na farashin 'ya'yan itace da kayan lambu da ruwa a kantuna 20: saye ya ƙaru da kusan kashi 13, wanda a faranti bai taka kara ya karya ba, saboda dama abin da ake saye kaɗan ne. Ta biyu an yi ta da ALPA, ƙungiyar mutanen Arnhem Land mai gudanar da kantunan ƙauyuka, aka buga a 2020. Ba a taɓa farashi ba, ba a hana sayar da komai ba. An daina tallan kayan zaƙi, an kwashe su daga bakin ƙofa da gefen mai karɓar kuɗi, an rage faɗin kantar sukari da alewa da biskit, an fitar da manyan kwalaben lemo masu wuce mililita 600 daga firji. Cikin mako 12, kantuna 10 sun sayar da sukari ƙasa da na da da tan 1.8, kuma ribarsu ba ta faɗi ba.

UmmuHanan
Fitar da babbar kwalba daga firji kawai? Ikon Allah.

Iliya_Kanti
Ƙwarai, Hajiya. A zafin da ya kai digiri 40, mai ƙishirwa abin da ya yi sanyi yake ɗauka. Idan ruwa da ƙaramar kwalba ne a firji, su zai saya. Kwalbar kola ta mililita 600 tana da sukari kusan giram 64, cokalin shayi 16 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kada a wuce kimanin cokali 6 a yini. Samarin 'yan asalin ƙasar masu shekara 14 zuwa 18 an same su suna shan kusan cokali 25 a rana, mafi yawa daga abin sha.

Injiniya_Danjuma
Malam Iliya ya kawo abincin har ƙofar gida, ni zan shiga ciki. Ƙungiyar Healthabitat ta duba gidaje sama da 4,000 a ƙauyuka 132 tsakanin 1999 da 2006. Kashi 6 cikin ɗari ne kawai ke da kicin ɗin da za a iya ajiye abinci, a gyara shi, a dafa. Abin da suke dubawa ba wani abin alatu ba ne: famfo yana kawo ruwa, kwatami yana janyewa, murhu yana kamawa a duk idanunsa, akwai kantar da kyankyaso da kare ba sa kaiwa, firji yana riƙe sanyi. Kuma sun gano mafi yawan lalacewar daga rashin gyara ne da mugun gini tun farko, ba ɓarnar mazauna ba. Murhun da aka ƙera don iyali mai mutum 4, aka sa shi a gidan mutum 15, ba zai kai shekara ba.

Sai wuta. Yawancin gidajen nan mitar kati ce, kuɗi ya ƙare wuta ta yanke nan take. Wani bincike a ƙauyuka 28 na Yankin Arewa ya nuna a 2018 zuwa 2019 kashi 91 na gidaje sun fuskanci yankewa, kashi 74 fiye da sau 10, kuma abin ya fi tsanani a ranakun zafi da na sanyi. Wanda bai da tabbacin firjinsa zai kwana da wuta ba zai zuba kuɗin mako a nama da madara ba. Zai aiki yaro da 'yan canji ya sayo soyayyen kaza da dankali, yau da gobe.

Ruwan sha ma haka. Garuruwa da dama na rijiyar burtsatse ne mai gishiri ko kanwa, yana fitowa da ɗumi. A Laramba sinadarin yuraniyom ya kai kusan ninki uku na iyakar da aka yarda da ita kafin a gina matatar ruwa a 2023. Ka ce wa yaron wannan gari ya bar lemo ya sha ruwan famfo, me kake tsammani?

UngozomaHauwa
Duk kun yi magana a kan yaron da ya riga ya fara tafiya. Wani kason abin tun yana ciki ake ƙulla shi. Idan sukarin uwa ya hau, yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, shi kuma ya ƙara fitar da insulin, sinadarin da ke sarrafa sukari a jiki, ya tara kitse, a haife shi ƙato. A Pima ɗin da Likita ya ambata an kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya: waɗanda aka haifa bayan uwar ta kamu da ciwon suga haɗarinsu ya ninka na yayyensu fiye da sau uku, kuma sun fi su nauyi. Gado ɗaya, mahaifa ce ta bambanta. Malam Garba, wannan shi ne abin da ke kama da gado a ido. 'Yar da aka haifa a haka ta kamu tana shekara 16, ta yi ciki tana 20 da sukari a sama, jikar ta fi ta saurin kamuwa. Binciken PANDORA na cibiyar Menzies a Darwin, ƙarƙashin Louise Maple-Brown, wannan sarƙar yake bi.

Abin da ya kamata: a gwada mace tun zuwanta awo na farko, don a kama mai ciwon da ba ta sani ba, a sake a mako na 24 zuwa 28 da ruwan gulukos giram 75, a ɗebi jini kafin sha, bayan awa ɗaya, bayan awa biyu. Wurare uku abin ke lalacewa. Mata da yawa ba sa iya zuwa da azumin dare su zauna awa biyu da yara a hannu. Wasu ruwan ke sa su amai. Na uku shi ne wanda ba a cika sani ba: ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sukarin da ke cikin kwalbar gwaji, idan ta yi awoyi a mota kafin ta kai ɗakin bincike sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. An tabbatar da wannan a Yammacin Ostireliya. Maganinsa a tsoma kwalbar a ruwan ƙanƙara nan take, ko a juya jinin a inji cikin minti 30, ko a yi amfani da kwalba mai sinadarin sitiret. Bayan haihuwa kuma a sake gwaji a mako 6 zuwa 12, a ƙarfafa shayarwa. Jaririn da aka haifa ƙarami, galibi saboda taba ko ƙarancin abincin uwa, shi ma yana cikin haɗari idan ya yi saurin cika daga baya.

LikitaBashir
Madalla, Hajiya Hauwa. Ga inda abin ya kai. Angela Titmuss da abokan aikinta sun ƙirga matasa 'yan ƙasa da shekara 25 masu ciwon suga nau'i na biyu a arewacin ƙasar, suka sami 381, biyu cikin uku mata, ƙaraminsu an gano shi yana shekara 4. A tsakiyar Ostireliya adadin ya kai kusan 14 cikin dubu, a 'yan mata masu shekara 15 zuwa 24 na can kuwa kusan 31 cikin dubu. Ciwon da a da ake kira na dattawa ke nan.

Ƙa'idar likitocin yara ta 2020 ta ce a fara gwada ɗan asalin ƙasa daga shekara 10, ko da zarar ya fara balaga, idan yana da ɗaya daga cikin waɗannan: nauyi ya wuce, ciwon a dangi, uwa ta yi shi da cikinsa, ko baƙin wuya. Wannan baƙin wuya a kula da shi: fata ce mai duhu da kauri a bayan wuya da hammata, iyaye suna ɗauka dauɗa ce suna ta dirza, alhali alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin. Ana tabbatarwa da HbA1c, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukari na 'yan watannin baya, na 6.5 ko sama, ko sukarin safe na 7.0, amma ƙarancin jini yana karkatar da HbA1c, kuma ya yi yawa a 'yan matan nan. A ranar da aka gano, a auna hawan jini, kitsen jini, hanta, furotin a fitsari, a duba ido, ba a jira shekara biyar kamar a nau'i na ɗaya.

Magani ana farawa da metformin miligiram 500 sau ɗaya tare da abinci, a ƙara duk mako har a kai 1,000 safe da yamma. Idan aka fara da yawa lokaci guda sai gudawa da murɗar ciki, yaro ya watsar ya ƙi dawowa. Idan HbA1c ya kai 8.5 ko akwai kiton, sinadarin da ke taruwa a jini idan insulin ya yi ƙaranci sosai, sai an haɗa da insulin. A nan maganar Injiniya ta dawo, domin insulin ɗin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Kuma ciwon ya fi zafi a yara: a binciken TODAY na Amurka, mai matasa 699, metformin shi kaɗai ya gaza a kusan rabinsu cikin 'yan shekaru, kuma da suka kai kimanin shekara 26, kashi 60 sun riga sun sami lahani ko a ƙoda, ko ido, ko jijiya.

Sani_Zinder
Allah ya kyauta. Ni abin da ya tsaya mini shi ne mu ma can muka nufa. Lemon kwalba a kowane suna da biki, taliyar leda ta zama abincin yara, kuma har gobe yaro mai kumatu shi ake cewa ya samu kulawa. Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kowace litar lemo a dokar kuɗi ta 2021, Ostireliya ko wannan ba ta yi ba.

MalamaRabi_Perth
Malam Sani, sauyin abincin ya yi kama, amma kada mu haɗa su. Mu ba a ƙwace mana gona aka ba mu fulawa a madadi ba, ba a kuma kwashe mana 'ya'ya ba. Can tun daga farkon ƙarni na 20 har shekarun 1970 hukuma tana raba yara da iyayensu, abin da Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a kai ranar 13 ga Fabrairun 2008. Yaran nan sun tashi a gidajen reno, ba su koyi girki ko farauta daga kowa ba, su ne kakannin matasan da muke magana a kai. Wannan tarihin ne ya sa uwa take jin tsoron kai yaro mai ƙiba ko rama asibiti, kada a rubuta cewa ta gaza. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai rubuta "ba sa zuwa" ya rufe fayil.

Koci_Aminu
Ni ina ganin an manta motsa jiki da makaranta. Yaran nan gwanayen ƙwallo ne. A ba su fili da koci da darasin abinci a aji, a gani.

ZainabAbinci
Koci, an gwada, kuma da kuɗi mai yawa. Shirin Pathways a Amurka ya ɗauki makarantu 41 na 'yan asalin ƙasar, yara 1,704, shekara 3: darasi a aji, ƙarin wasanni, rage mai a abincin makaranta, tarukan iyaye. Yaran sun ƙaru da sani, man abincin ya ragu, amma kitsen jikinsu bai bambanta da na makarantun da ba a yi komai ba. Yaro yana cin abinci ɗaya ko biyu a makaranta, sauran a gida da kanti. Wasa yana da amfani ga zuciya da hankali da yadda jiki ke karɓar insulin, ban raina shi ba, sai dai kwalba ɗayan nan ta Malam Iliya tana ɗauke da kusan kalori 250, wanda sai yaro ya yi kusan rabin awa yana gudu sosai kafin ya ƙona. Kuma 'yan mata, waɗanda suka fi kamuwa, su suka fi barin wasa da zarar sun balaga.

Wanda ya yi tasiri a jikin mutane shi ne irin na Minjilang a tsibirin Croker, 1989 zuwa 1990, inda dattawan gari da kansu suka nemi aikin, suka haɗa kai da Amanda Lee, aka sauya kayan kanti, aka riƙa nuna wa jama'a sakamakon awonsu duk wata uku. Sayen kayan lambu ya hau, sukari ya ragu, hawan jini da kitsen jini suka sauka.

Koci_Aminu
Na ji, Malama. Amma fili yana jawo matashin da ba zai taɓa taka asibiti da ƙafarsa ba. Shirin Deadly Choices na Brisbane haka yake yi: ka je a yi maka cikakken awon lafiya da ake kira 715, wanda kyauta ne kuma ana iya maimaitawa duk wata 9, a ba ka rigar ƙungiyar ƙwallon da kake so. Ta nan ake kama masu baƙin wuyan da Likita ya faɗa.

NasTalatu
Wannan gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa yake tafiya shi ne asibitocin na 'yan asalin ƙasar ne da kansu. Na farko an buɗe shi a Redfern cikin Sidni a 1971, yanzu sun haura 140, kowanne da kwamitin 'yan gari. Sai dai awo ba magani ba ne. Inda ake faɗuwa shi ne bayan awon: an ga sukari ya hau, an rubuta a dawo, ma'aikaciyar da ta gani ta gama kwantiraginta na mako 6 ta tafi, wadda ta zo ba ta san yarinyar ba. Abin da ke toshe wannan rami shi ne rajistar masu ciwon da ake dubawa duk wata, da ma'aikacin lafiya ɗan garin da ya san gidan kowa. Yadda ake magana ma yana da nauyi. A auna matashi a keɓe, mace ta auna mace, a yi zancen da uwa ko kaka ko gwaggon da ke riƙe da tukunya, kuma a ɗauki abu ɗaya a lokaci guda, misali a sauya abin sha, maimakon a miƙa takardar hani mai layi 20.

Baba_Tarihi
Ƙarshen hanyar idan ba a tare ba shi ne wankin ƙoda, sau 3 a mako, awa 4 zuwa 5 kowane zama, galibi a Alice Springs ko Darwin, nesa da dangi. Mutanen Pintupi na Kintore, sama da kilomita 500 yamma da Alice Springs, da suka ga dattawansu suna tafiya ba sa dawowa, sai masu zanensu suka yi manyan zane aka yi gwanjonsu a Sidni a 2000, aka tara sama da dala miliyan ɗaya, da ita aka kafa cibiyar wankin ƙoda ta Purple House aka kai injin har gida. Yanzu fargabar ita ce wanda ya kamu yana 14 zai iya hawa wannan kujera yana 30, da ƙananan 'ya'ya.

Garba_Ƙididdiga
Na karanta duka, na kuma karɓi maganar kanti da mahaifa. Amma Likita, gado bai fita ba. Mutanen Oji-Cree na Manitoba da arewacin Ontario a Kanada suna da wani sauyi a ƙwayar halittar HNF1A wanda ba a samu a wasu ba, kuma masu shi suna kamuwa da wuri, da ƙarancin ƙiba. A Manitoba ɗin ne Heather Dean ta fara ganin ciwon a yara tun shekarun 1980. A tsibiran Samowa ma an gano sauyi a ƙwayar halittar CREBRF a 2016.

LikitaBashir
Duka biyun gaskiya ne, Malam Garba. Amma lura da abu biyu. Na Samowa yana ƙara nauyi ne yana kuma rage haɗarin ciwon suga, akasin abin da hasashen Neel ke bukata. Na Oji-Cree kuma yana jikinsu tun ba yau ba, amma ciwon bai zama ruwan dare a can ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, bayan abinci ya sauya. Sannan al'umma ɗaya ce, ba ta da dangantakar jini ta kusa da Aborijin ko Maori na Niyu Zilan. Abin da ya haɗa waɗannan mutane na nahiyoyi daban-daban shi ne abin da aka yi musu. Gado yana gaya mini wa zan fara gwadawa kuma a wane shekaru.

UngozomaHauwa
Ni kuwa da za a ba ni zaɓin wuri ɗaya da za a zuba kuɗi, a 'yan mata kafin cikin fari zan sa.

Iliya_Kanti
Hajiya, su ma daga kantin nan suke ci. Daga Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta fara tallafin da zai sauko da farashin kayan masarufi 30 a kantunan nesa ya yi daidai da na birni. Abin da zan sa wa ido shi ne kuɗin da ya rage a hannun mutane ina zai tafi, domin rangwame ba tare da gyaran kanta da firji irin na ALPA ba yana iya ƙarewa a lemo.

MalamaRabi_Perth
Kuma tallafin bai shafi kashi 85 da ke birane da garuruwa ba, inda yaran suka fi ƙiba. Can matsalar kuɗin haya ce, da cunkoson gida, da unguwar da shagunan soye-soye suka fi na kayan miya kusa. Malam Garba, kai da ke da alƙaluman, za ka iya fitar mana da na yaran birni daban da na ƙauye, maza da mata, daga shekara 10 zuwa 14? A nan nake zaton tazarar take buɗewa.